Yarana sun ci kofin da babu wanda ya zata, yanzu ana so a karɓe min su

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, shekarata 37, ina da mata da yara huɗu a wani gari a nan arewa. Shekara shida kenan ina koya wa yaran unguwarmu ƙwallo a filin wata firamare kullum bayan la'asar. Da ƙwallo ɗaya muka fara, turakun ragar ma na katako ne mu muka kafa da hannunmu. Yawancin yaran nan daga mai tura kurar ruwa sai yaron kanikawa sai wanda aka kora daga wani kulob wai bai iya ba. A gari 'yan cika lissafi ake ce mana, don duk gasar da muka shiga a zagayen farko ake koro mu. Bana a kofin ƙaramar hukumarmu sai Allah ya yi ikonsa muka dinga wucewa har fainal, muka haɗu da kulob ɗin wani Alhaji mai kuɗi da ke da bas da koci mai takarda, muka ci su ɗaya da nema. Wallahi Malam da rafali ya hura tashi sai na tsinci kaina a durƙushe ina kuka kamar ƙaramin yaro, daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

To amma yanzu na rasa inda zan sa kaina. Alhajin ya aiko yana so ya karɓi tim ɗin gaba ɗaya ya haɗe da nasa, ni in zama mataimakin kocinsa da ɗan albashi duk wata, in kuma na ƙi to yarana uku da suka fi iyawa yake so, har ya fara magana da iyayensu. Maiɗakina kuma ta ce ta gaji, don kuɗin adashinmu da muka tara na sabon keken ɗinki na ɗauka na sayi jesi na biya kuɗin mota ban faɗa mata ba sai daga baya ta ji, ga kwastomomi sun fara guduna saboda ɗinkin sallah da na saɓa musu alƙawari. Yayana ya ce in ajiye ƙwallon nan tun da mutuncina tunda na ci kofi. Ni kuma ji nake in na rabu da yaran nan kamar an cire min wani abu a jiki. Son kaina ne? Me zan yi?

Daga wani ɗan'uwa

Wa alaikumus salam Koci, kuma da gangan na kira ka Koci, don wanda ya yi shekara shida a rana da ƙura yana busa usur a kan yaran da kowa ya raina har suka ɗauko kofi ya ci sunan nan ko da takarda ko babu. Barka, Allah ya sanya alheri. Kukan da ka yi a fili kuwa kada ka taɓa jin kunyarsa. In babban kulob ya ci kofi abin da kocinsu ke ji yawanci sauke nauyi ne, ya dai tsira da aikinsa, amma kai da ka ci da 'yan cika lissafi wani abu daban ka gani wanda duk 'yan kallon nan ba su gani ba. Su ƙwallo suka ga ta shiga raga, kai kuwa ka san yaron da ya buga ta tun yana zuwa fili da silifas yana ɓoyewa a bayan manya, ka san sau nawa ka tsayar da shi ka ce ya sake, ka san wanda ya zo tirenin ba tare da ya ci abincin rana ba da wanda ka ɗinke wa takalmi da zaren shagonka. Shekara shida ce ta taru ta faɗo maka a ƙirji a minti ɗaya, dole gwiwa ta saki.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, manyan kociyoyin duniya ma abin da suke bi kenan. Ka tuna Zambiya a 2012, babu wanda ya sa su a lissafi, suka haɗu da Kwaddibuwa mai su Drogba da Yaya Toure a fainal ɗin kofin Afirka a Libreville, garin da jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Zambiya ya faɗa teku a kusa da shi a 1993 kowa ya rasu. Aka tashi babu ci, suka yi nasara da fenariti 8 da 7. Abin da ya fi tsaya min a rai a daren nan shi ne kocinsu Herve Renard da ya je benci ya sungumo ɗan bayansa Joseph Musonda da ya ji ciwo tun farkon wasan, ya ɗauko shi a hannu ya kawo shi cikin 'yan'uwansa don kada murnar ta wuce shi. A shekarar da ta biyo baya marigayi Stephen Keshi, kocin Najeriya a lokacin, ya tafi kofin Afirka a Afirka ta Kudu da wasu yaran da ke buga wasa a gida ana ta yi masa surutu, sai ga Sunday Mba ɗaya daga cikinsu shi ya ci Kwaddibuwa, shi kuma ya ci Burkina Faso a fainal. Mutanen Kano kuwa har gobe ba su manta 2009 ba da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Filinka ƙarami ne, kofinka na ƙaramar hukuma ne, amma abin da ya ratsa ka da abin da ya ratsa waɗannan mutanen iri ɗaya ne.

Sai dai Koci akwai washegari, kuma ita ba a cika nuna ta a talabijin ba. Leicester City a kakar da ta gabaci cin kofinsu da ƙyar suka tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa, masu lissafin caca a Ingila suka sa damarsu ɗaya cikin 5000, sai ga Claudio Ranieri ya ɗauke firimiya da su a 2016. Kafin a fara sabuwar kaka Chelsea ta zo ta ɗauke Kante wanda shi ne ƙashin bayan tsakiyarsu, a lokacin ne ma Ahmed Musa namu ya je Leicester ɗin, kuma a watan Fabrairun 2017, wata tara kacal bayan kofin, aka sallami Ranieri. Keshi shi ya kai Togo kofin duniya na 2006 karon farko a tarihinsu amma wani ne ya tafi da su Jamus. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana sama wa Najeriya gurbin kofin duniya, 2002 da 2010, sau biyun duka aka ɗora wani kafin a tafi. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, tsohon abu ne a harkar nan. Na kawo maka su ne don ka daina kallon abin da ke faruwa da kai a matsayin wata ƙiyayya da aka shirya maka. Duk ƙaramin tim da ya ba da mamaki to washegari masu kuɗi za su ƙwanƙwasa ƙofa, da ba ku iya ba da Alhajin ko sunanku ba zai tambaya ba.

Amma ni ba da Alhaji zan fara ba, da uwargida zan fara, don a duk mutanen da ka lissafa ita ce ke da gaskiya tsantsa kuma ita kaɗai aka cuta. Kuɗin adashin nan naku ne ku biyu, wataƙila akwai ranakun da ta rage cefane ko ta haƙura da wani ankon biki don a cika zubi, tana lissafin ranar da sabon keke zai shigo shago, sai kawai ta ji a bakin wani cewa sun zama jesi. Ba ƙwallon ce ta ƙona mata rai ba, ɓoyewar ce. Ka same ta a daren nan bayan yara sun yi barci, ka ba ta haƙuri ba tare da ka haɗa da “ai kin ga mun ci kofi” ba, don kofin ba ya goge wannan. Ka faɗi adadin kuɗin da bakinka, ku rubuta, ku yanke nawa za ka dinga mayarwa duk sati daga shago kuma a hannunta za ka dinga sawa. In akwai wani kuɗi da aka ba ku a gasar, abin da ka kashe daga aljihunka hakkinka ne ka cire a gaban yaran da wani dattijo, kowa ya gani. Daga yau kuma aljihun gida daban na tim daban, ku samu ma'aji wanda ba kai ba, ko malamin firamaren nan ko ɗaya daga cikin iyayen yaran, ranar da asusun tim ya ƙare to an fasa tafiya wasan, shikenan. Zai yi maka ciwo sau ɗaya ko biyu, daga nan mutanen unguwa da suka yi ta ɗaga ku a kafaɗa ranar fainal za su koyi sa hannu a aljihu.

Shagon kuma shi ne yake riƙe da komai har da ƙwallon, in ya mutu filin ma zai mutu. Ka bi kwastomomin da ka saɓa wa ɗaya bayan ɗaya har gida ko wurin sana'arsu ka ba su haƙuri, wanda kayansa ke hannunka ka gama ka kai masa da kanka ko da ragi ne. Tirenin kullum kullum bai zama dole ba, kwana uku ko huɗu a sati ya isa tim irin naku, sauran ranakun kaftin ɗinka ko wani babba a cikinsu ya ja su gudu da wasan fas, ai dama ya kamata ka fara rainon mataimaki. In azumi ya raba tsakiya ka rufe fili gaba ɗaya sai bayan sallah, haka ma sati biyu kafin babbar sallah, ka gaya wa yaran tun yanzu su sani. Akwai ma wani abu da nake ganin kana zaune a kai ba ka lura ba, kai tela ne kuma yanzu duk mai tim a ƙaramar hukumar nan ya san sunanka. Gajeren wando na wasa, rigunan tirenin masu kala da ake ɗorawa a sama, tutocin kwana, kayan wasannin makarantu, duk ɗinki ne kuma sayensu ake yi. Ka fara da na yaranka su zama talla. Ranar da uwargida ta ga ƙwallon nan ta shigo da dubu biyar gida maimakon ta fita da ita, hirar za ta canza.

Yayanka tsoro yake ji maka, yana ganin ƙaninsa mai iyali yana bin yara a fili shago na lalacewa, ba laifinsa ba ne. Kada ka yi musu da shi, ka gaya masa tsarin da ka yi ka roƙe shi ya ba ka wata uku ya gani da idonsa. Shawararsa ta ajiyewa gaba ɗaya hanya ce, kuma in bayan wata ukun ka kasa riƙe alƙawarin gida to ita ce daidai, iyali sun fi kofi. Amma a yadda na karanta wasiƙarka ban ga mutumin da zai zauna lafiya a bayan keke da la'asar yana jiyo ƙarar usur daga filin firamare ba.

Yanzu tambayarka, wai son kai ne? Gaskiya zan faɗa maka, yawancinsa ƙauna ce, amma akwai ɗan gurbin da ƙauna take rikiɗewa ta zama mallaka, kuma yaran nan uku a daidai gurbin suke. Ba naka ba ne Koci, na iyayensu ne kuma na kansu ne. In a kulob ɗin Alhaji za su samu abinci da magani da manyan wasanni inda idon masu neman 'yan wasa ke kaiwa, riƙe su don ka sake cin kofi baɗi zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Abin da ya rage maka shi ne ka tabbatar sun tafi ta ƙofa. Ka je wurin iyayen da ƙafarka kafin magana ta yi nisa, zuwa da kai ya fi saƙo, ka nuna musu ba hana 'ya'yansu ci gaba ka zo yi ba, ka zo ne a tsare musu hakki. A rubuta cewa mai makaranta zai ci gaba da makarantarsa, mai koyon kanikanci ba zai ajiye ba, in yaro ya karye a fili kulob ne zai yi magani, kuma babu uban da zai dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa an fassara masa ba. Ka ja musu kunne kan rage shekaru, ka kuma ja musu kunne sosai kan duk ejan ɗin da zai zo ya ce a kawo kuɗi a fitar da yaro Turai. Dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga ƙasa zuwa ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kuma kulob ɗin da yake son ɗan wasa da gaske ba ya ce wa uban yaro ya sayar da gona.

Ga wani abu da kociyoyin unguwa da yawa suke asara a kai saboda rashin sani. A tsarin FIFA in aka sayar da ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa kulob-kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai in kulob ɗinka yana da rajista kuma sunansa ya fito a tarihin yaron, in babu to a idon doka shekara shidan nan taka kamar ba a yi ta ba. Don haka kafin ka saki kowa ka je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharku ka tambayi yadda ake yi wa kulob rajista da yadda ake yi wa 'yan wasa lasin, ka yi wa duka yaranka har da 'yan benci. Wataƙila babu ko ɗaya da zai kai can, yawanci ma ba sa kaiwa, amma takardar ita ce za ta sa Alhaji ya yi magana da kai a matsayin mai kulob.

Shi Alhajin kada ka ƙi zuwa kuma kada ka je kai kaɗai, ka tafi da Yayanka da mai unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka gode masa, sannan ka yi masa tambaya ɗaya, in an haɗe tim ɗin ina makomar sauran yaran da ba ukun nan ba? Kulob ɗinsa cike yake da 'yan wasa, da wuya ya ajiye nasa ya sa mai turin kurarka, kaga in haka ne haɗewa sunanta rushewa. Aikin mataimaki kuma yana da amfaninsa, za ka zauna kusa da mai takarda ka ga yadda ake tsara tirenin na sati da yadda ake karanta abokin karawa, amma ka auna albashin da abin da keke ke kawo maka a wata mai kyau, ka kuma tuna kulob ɗin mutum ɗaya a aljihunsa da ra'ayinsa yake rataye, ranar da kasuwa ta juya ko ransa ya fita daga harkar sai a wayi gari bas tana fake. Ko me za a yi kada ka rufe shago saboda shi.

In ni ne kai hanya ta uku zan ajiye masa a gaba. Tim ɗinku ya zauna da sunansa da filinsa da kocinsa, ya zama wurin rainon yara ga kulob ɗinsa, shi ya ɗauki nauyin ƙwallaye da jesi da motar zuwa wasa a shekara, shi kuma duk ƙarshen kaka shi zai fara zaɓa cikin waɗanda suka nuna, da yardar iyaye da sharuɗɗan can na sama. Ka ƙara da roƙon ya biya maka kwas ɗin koci. Akwai cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Legas da take horar da kociyoyi, akwai kuma lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, da ake hawa mataki mataki daga D zuwa C zuwa sama, a hukumar jiha da ƙungiyar kociyoyi za a gaya maka lokacin da ake buɗewa. Mai kuɗin da ya ga abin da ka yi da ƙwallo ɗaya da turakun katako, in mai hangen nesa ne zai gane wannan ya fi masa riba a kan ya kwashe uku yau rijiyar ta ƙafe. In ya ƙi ya ce shi dai ukun, to ka sake su da hannu biyu ka yi musu addu'a, ku rabu ba tare da faɗa ba, gari ɗaya kuke kuma za ku sake haɗuwa a fili.

Ka shirya zuciyarka ma kakar baɗi tun yanzu, don ba za a sake ce muku 'yan cika lissafi ba, kowa da shiri zai zo muku, ga gwanayenka uku babu, ba mamaki a zagaye na biyu a koro ku waɗanda suka ɗaga ka su fara cewa dama sa'a ce. Daɗin ranar fainal ɗin nan wataƙila ba zai sake zuwa da irin wannan ƙarfin ba, kada ka ce sai ka nemo shi ko ta halin ƙaƙa, a nan ne mutum yake sake kai hannu cikin adashi. Gobe da la'asar in ka je fili ka duba bayan raga, na san akwai wani ƙaramin yaro da kullum yake tsayawa a wurin yana ɗauko muku ƙwallo in ta fita, babu wanda ya taɓa tambayar sunansa, ka kira shi ka ba shi riga ka gani.

Ka yi istihara kafin zaman naku da Alhaji, amma maganar uwargida kada ta kwana. Ka rubuto min yadda kuka yi, ka kuma gaishe min da golan nan naka da ya hana su ko ɗaya a fainal.